KAFIN ALƘALAMIN DA MUKA MAYAR

Jawabin wakilin masu sassaƙa a babban taron ƙungiya na shekara, a nan Ikko

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamaninka. 

Da farko muna godiya ga shugaba da ya ba mu wannan dama, alhali kuwa mu ne mafi ƙanƙanta cikin rukunonin sana'a da ke ƙarƙashin wannan ƙungiya. Mu bakwai ne kacal. A cikinmu akwai masu gadi biyu, da direba, da mai shayi, da ɗan canji, da mai sayar da albasa a Mil 12, da ɗalibi guda. Kun ga ke nan ba da sassaƙa muke ciyar da iyali ba. Uku daga cikinmu gadonta suka yi tun daga gida, sauran kuwa a nan Kurmi sha'awa ta ja su suka koya. Ranar Lahadi muke haɗuwa a rumfarmu bayan Azahar, mu yi ta fama da gizago har kiran Magariba. Muna yin turmi da taɓarya, da akushi, da kujerar tsugune, da muciya, da allo, da ƙananan akwatuna masu zanen dagi. Abin da muka samu mu sayi kayan aiki, saura a yi cefane.

Dalilin tsayuwarmu a gabanku yau shi ne maganganu biyu da ke yawo a unguwa. Wasu na cewa masu sassaƙa sun yi wauta, arziki ya zo musu har rumfa sun kore shi. Wasu kuma na cewa masu sassaƙa sun koma yin gumaka. To, duk maganganun biyu akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu.

YADDA ABIN YA FARU

Bara, dab da faɗuwar damina, wani dillali da muka saba da shi a kasuwar kayan hannu ta Jakande, can Lekki, ya kawo mana wani mutum. Mutumin nan yana gina wurin shaƙatawa a bakin teku, yana kuma son ginshiƙan itace guda 12, kowanne tsawon mutum, a sassaƙa wa kowanne fuska. Ya buɗe waya ya nuna mana hotuna: ga manyan idanu, ga baki wangame haƙora a waje, ga 'yan hannuwa dafe da ciki. Ya ce sunansu tiki, ado ne kawai, haka ake ƙawata irin waɗannan wurare a Amurka. Da ya faɗi abin da zai biya, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa, domin rabon kowane ɗayanmu ya fi albashin mai gadi na wata uku. Nan take ya ajiye rabi kafin alƙalami, muka karɓa.

Jama'a, a nan muka yi kuskure, kuma ba za mu ɗora wa dillali ko mai oda ba. Ba mu tambayi mene ne tiki ba. Ba mu tambayi me za a riƙa sayarwa a wurin ba. Kuɗi muka gani.

Muka tafi wajen Badagiri muka sayo gungumen kwakwa, muka ɗauki hayar mota ta kawo. Wanda bai taɓa sassaƙa kwakwa ba, to bari mu gaya masa: bayanta tauri kamar ƙarfe, cikinta kuwa laushi da ruwa, ga ta da cin kaifi, sara kaɗan sai ka koma kan dutsen washi. Lahadi uku muka yi kafin fuska biyu su fito. Ranar da aka gama fitar da idanun na biyun, dattijonmu, wanda duk muke kira Baba, ya ajiye gizago ya ja da baya, ya ce, "Yaran nan, abin nan fa kallona yake yi. Shekarata arba'in ina sara, turmi bai taɓa kallona ba." Muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya dubi ɗalibin cikinmu ya ce, "Kai mai boko, kafin Lahadi mai zuwa ka binciko mana asalin abin nan." Matambayi ba ya ɓata. Ga abin da yaron ya zo mana da shi.

MENE NE TIKI?

Tiki ba na Amurka ba ne. Asalinsa daga tsibiran da ke tsakiyar tekun Fasifik ne, yankin da ake kira Folinesiya, wanda ya kama daga Hawai a arewa, zuwa Niyu Zilan a kudu, zuwa tsibirin Rapa Nui a gabas. A gargajiyar Mawori, wato mutanen asali na Niyu Zilan, Tiki sunan mutum na farko ne. Suna sassaƙa wata 'yar siffa da koren dutse mai daraja a wurinsu, su rataya a wuya, ana gadonta daga kaka zuwa jika, ba a ɗaukarta abin wasa. A tsibiran Markesas akwai manyan tiki na dutse a tsofaffin wuraren ibadarsu. A Hawai kuwa sunan abin ki'i, na itace ne, kuma a wuraren bauta ake kafa su, da sunan manyan abubuwan bautarsu na da, wato Ku da Kane da Lono da Kanaloa. Wannan mai wangamemen baki da aka nuna mana a waya, daga siffar Ku aka kwaikwayo shi, wanda suke dangantawa da yaƙi.

A shekarar 1819, bayan rasuwar Sarki Kamehameha na farko, sarautar Hawai da kanta ta rushe tsarin tsohon addinin, aka ƙone gumaka da yawa. A 1820 'yan mishan suka sauka. Abin da ya tsira daga wuta, da yawansa ya bi jiragen ruwa zuwa ƙasashen waje. Manyan siffofin Ku na itace guda 3 da suka rage, ɗaya na Honolulu, ɗaya na Landan, ɗaya na garin Salem a Amurka, kuma sai a 2010 aka haɗa su wuri ɗaya a Honolulu na ɗan lokaci. Mu da muke zaune a ƙasar da aka kwashe kayan fadar Binin a 1897, ai wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

To, yaya aka yi abin bauta ya zama adon mashaya? A ƙarshen 1933 aka ɗage dokar hana giya a Amurka. Ba da jimawa ba wani mutum mai suna Ernest Gantt ya buɗe mashaya a Holiwud da sunan Don the Beachcomber, ya ƙawata ta da kayan tsibirai. Wani kuma, Victor Bergeron, ya bi sahu a garin Okland da wurin da ya shahara da sunan Trader Vic's. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, sojojin Amurka suka koma gida da labarin tsibiran Fasifik. A 1947 wani ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya ƙetare teku daga Peru a kan gungumen itace da aka ɗaure, ya yi kwana 101, ya sa wa abin hawan nasa suna Kon-Tiki, sunan ya zaga duniya. A 1959 kuma Hawai ta zama jiha a Amurka. Waɗannan abubuwa suka haɗu suka sa yayin tiki ya kama ƙasar: otal-otal, gidajen abinci, har kofin shan giya sai da aka yi shi da siffar tiki. Yayin ya ja baya a shekarun 1970, ya sake dawowa daga shekarun 1990.

Yau a Amurka akwai mutane da yawa irinmu, masu aikin ofis ko na kamfani, waɗanda ke sassaƙa tiki a bayan gida ranar hutu. Suna samun gungumen dabino ko na kwakwa, su fitar da siffa da injin yankan itace, su gyara da kurfi da giranda, su babbake da wuta don ya yi duhu, su goge, su shafa mai, sannan su kai kasuwar baje koli ko su sa a intanet. Sai dai abin da suke yi gauraye ne: a ɗauko bakin Hawai, a haɗa da idon Markesas, a ɗora a kan doguwar fuskar Rapa Nui. Kamar dai mutum ya ɗauki rawanin Sarkin Kano, da hular Oba, da jar hular Ibo, ya ɗinke su wuri ɗaya ya ce ga hular Nijeriya. Mutanen Hawai da Mawori da dama sun daɗe suna nuna ɓacin ransu a kan haka, suna cewa kayan kakanninsu ba abin raha ba ne a wurin shan giya.

GARDAMAR DA MUKA YI

Da yaro ya gama bayani sai rumfa ta rabu biyu. Ɗaya daga cikinmu, kuma shi ne ya fi kowa hannu mai kyau, ya ce shi bai ga abin tayar da hankali ba. Ya ce, "Mu bauta masa za mu yi? Mai oda bauta masa zai yi? Itace ne fa. Kuma iyayenmu nawa ne suka yi shekara hamsin suna sayar da fuskokin dodanni da mutum-mutumi a ƙofar otal-otal na garin nan, da Abijan da Akara da Duwala? Da kuɗin suka yi aure, suka je Makka, suka sa hannu a ginin masallaci. Yau mu ne za mu fi su tsoron Allah?" Ya ƙara da cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mun karɓi kuɗin mutum, mun taɓa su, alkawari kuma kaya ne.

Wallahi maganarsa ba ta banza ba ce, kuma ba mu da amsarta a ranar. Saboda haka muka ɗunguma zuwa wurin Malam bayan sallar Isha'i.

Malam ya saurare mu tsaf. Ya ce a wurin malamanmu na Malikiyya, siffar abu mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku, ba a yarda Musulmi ya ƙera ta ba, in ban da 'yar tsanar da yara mata ke wasa da ita. Ya ba mu labarin wani mai sana'ar yin siffofi da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya gaya masa cewa da wannan aiki yake ci. Ɗan Abbas ya tsoratar da shi, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya nuna masa mafita, cewa ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Malam ya ce mu lura, ba a ce wa mutumin ya jefar da kayan aikinsa ba, hanya aka sauya masa. Sannan ya ce namu ya ƙara nauyi ta fuska biyu: siffar ta abin bautar wasu ce, kuma inda za a kafa ta wurin sayar da giya ne. Game da iyayenmu masu sayar da abin da wasu suka sassaƙa kuwa, ya ce wannan mas'ala ce mai zaman kanta, tana bukatar malamai su zauna, ba zai yanke ta a tsaye a ƙofar masallaci ba. Batun alkawari kuma, ya ce a mayar wa mutum kuɗinsa cif, a ba shi haƙuri, a gaya masa gaskiya da wuri don ya nemi wani.

ALLON DA YA RABA GARDAMA

Duk da haka zukata ba su kwanta ba, don kuɗin da za a mayar an riga an ci rabinsu a itace da mota. Abin da ya karya mana gwiwar musu wani labari ne da Baba ya bayar a hanyar komawa.

Ya ce shekarun baya ya yi gadi a gidan wani Bature a Ikoyi. Wata rana aka kira shi ya taimaka a shigar da kaya falo, sai ya ga allo rataye a bango, allon zayyana irin na mai sauka, da ayoyin Alƙur'ani a rubuce da kyakkyawan hannu. A ina aka rataye shi? Daidai saman kantar da aka jera kwalaben giya. Ya ce jikinsa ya yi sanyi. Ya daure ya yi wa maigidan bayani da ɗan Turancin da yake ji. Bature ya ce wallahi bai sani ba, a kasuwa ya saya, an ce masa zanen gargajiya ne. Nan take ya sauke shi ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya ce, "Ban ga laifin Baturen nan ba. Wanda ya sayar masa ɗanmu ne, ya san abin da ke rubuce, ya yi shiru don kada ciniki ya ɓaci."

Sannan ya ce, "To ku gaya mini, mene ne bambancinmu da wancan yaro? Mu ba mu yarda da abin da mutanen tsibiran nan suka bauta wa ba, ko kusa. Amma zafin da na ji a falon nan, shi ne jikokinsu ke ji in sun ga kayan kakanninsu a mashaya. Abin da ba ma so a yi wa allonmu, don me za a yi wa wasu da gizagonmu?"

Babu wanda ya sake cewa uffan. Washegari muka kira mai oda.

ABIN DA MUKA YI HASARA

Ba za mu ɓoye muku ba, abin bai zo da sauƙi ba. Mutumin ya yi fushi, kuma yana da gaskiya, don mun ɓata masa kusan wata guda. Ya kai aikinsa wani wuri an yi masa. Dillali ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarmu. Kuɗin da muka taɓa, sai da muka kwashe adashinmu gaba ɗaya, mai albasa ya ƙara da nasa, kafin suka cika. Ɗan'uwanmu mai hannu mai kyau bai gamsu ba, ya daina zuwa rumfa. Yana cikin wannan zaure yanzu haka, muna gaishe shi, muna kuma shaida masa a gaban iyaye cewa wurin zamansa na nan ba wanda ya hau.

Fuskoki biyun nan muka saɓe su da gizago. Gungumen kwakwa kuwa muka yanka su gajeru, muka rarake cikinsu mai laushi, muka yi tukwanen shuka fure da kujeru, muka zana musu dagi da igiya da ganye. A hankali suka ƙare, amma abin da muka samu bai kai sulusin waccan oda ba. Wanda ya ce mun yi hasarar kuɗi bai yi ƙarya ba.

ƘA'IDOJIN DA MUKA ƊAURA WA KANMU

Bayan wannan abu muka zauna muka yi wa kanmu ƙa'idoji, muna kuma karanta su a nan don matasan da ke sha'awar wannan aiki, da 'yan'uwanmu masu rumfunan kayan hannu.

Na farko, ba a karɓar kafin alƙalami sai an yi tambaya uku: mene ne wannan abu, na su wane ne, kuma ina za a kai shi? In mai oda bai sani ba, a ce ya ba mu kwana biyu. Yau kowane yaro na da waya a aljihu, bincike bai fi ƙarfinmu ba. In an daidaita, a rubuta adadi da tsawo da irin itace da ranar karɓa, kowa ya sa hannu a gaban shaida.

Na biyu, allon da za mu sayar wa wanda ba almajiri ba, fari ne ko mai zane kawai. Allo mai aya ba ya hawa teburin kasuwa.

Na uku, sabo sabo ne. Duk wanda ya zauna a wannan kasuwa ya san dabarun da ake yi: a rataye sabon aiki a madafa hayaƙi ya dafa shi, a tauna goro a fesa masa, a binne shi kusa da gara ta ɗan taɓa, sannan a ce daga wani ƙauye aka samo shi, ya shekara ɗari. Ko a shafe farin itace da baƙin man takalmi a ce kanya ce. Wannan algus ne, ba shi da wani suna. Ban da haka ma, mai yin wannan ƙarya kansa yake jawo wa. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda aka yi amfani da shi a bukin gargajiya in yana da muhimmanci. Irin waɗannan ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, ba a kuma fita da su waje sai da izini. Ka ga ke nan in maganarka gaskiya ce ka karya doka, in ƙarya ce ka ci haram. Baƙon da ya sayi sabon aiki zai fita da shi, a ba shi rasit, a nuna masa hanyar gidan tarihi na Onikan ya karɓi takarda, kada a tsare shi a filin jirgi ya tafi yana zagin Hausawa.

Na huɗu, mu sa alamarmu a ƙarƙashin kowane aiki, da shekarar da aka yi shi. Maƙwabtanmu Yarabawa sun riga mu gane amfanin wannan. Marigayi Lamidi Fakeye, mutumin Ila Orangun, wanda ya koyar da sassaƙa a jami'ar Ile-Ife ya kuma rasu a 2009, duniya ta san shi da sunansa, masu saye sunan suke nema. Mu kuwa masassaƙanmu na gida sun yi sirdi da akushi da gangunan fada waɗanda ake ajiye da su a gidajen tarihi, amma ba wanda ya san ko su wane ne. Mai sa sunansa a aiki ba ya iya cewa aikin ya shekara ɗari, kuma ba ya yarda ya saki aikin banza.

Na biyar, mu san itacen da muke sara. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid a Taraba, an yi mata yankan ƙare dangi ana lodawa zuwa Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya zuwa waje. Hauren giwa kuwa tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kuma a watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na wanda aka kama, a Abuja. Kada kwaɗayi ya kai ɗanmu gidan yari. Ga malaina, ga guntayen loko da maɗaci a wurin masu injin katako, ga itacen da iska ta kayar.

Na shida, kada a sassaƙa ɗanyen itace don sauri. A shafe bakin gungume da fenti ko kakin kyandir, a jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a ba shi watanni. Aikin da aka yi da ɗanye a laimar Ikko, ranar da ya shiga ɗaki mai na'urar sanyi, ko aka kai shi Arewa ya gamu da hunturu, tsagewa zai yi, kuma mai saye ba zai dawo ba.

Na bakwai, a yi lissafi kafin a faɗi kuɗi: itace nawa, mota nawa, samfefa da mai nawa, kwana nawa aka yi, la'adar dillali nawa. Mai yin aiki don sha'awa yakan manta da kuɗin guminsa ya sayar da araha, bai san yana karya kasuwar wanda da ita kaɗai yake ci ba.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Ranka ya daɗe, muna da roƙo uku. Muna roƙon malamanmu su sa rana su zauna da masu rumfunan kayan hannu a kan mas'alar da Malam ya ce tana bukatar zama, a yi ta cikin mutunci ba tare da an kunyata kowa ba, domin waɗannan iyaye su suka share mana hanya a garin nan. Muna roƙon ƙungiya ta taimaka mana da ɗan fili mai rufi, don damina na hana mu aiki, itacenmu kuma na ruɓewa. In an samu, mun ɗauki alkawarin koya wa yara goma kyauta duk Lahadi, musamman waɗanda ke zaune tun aka hana acaba a manyan unguwannin Ikko a 2022. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku, muna roƙon iyayenmu mata, in za a yi wa yarinya kayan ɗaki, a tuna da turmi da muciya da kujera na hannun 'ya'yanku kafin a tafi wurin roba.

Daga ƙarshe, ga masu cewa mun yi gumaka: mun fara, Allah Ya sa muka tsaya, muna neman gafararSa. Ga masu cewa mun kori arziki: mun mayar da kuɗi, amma rumfarmu na nan, kuma duk abin da ke cikinta za mu iya ɗaga shi a gaban Malam mu faɗi sunansa da inda za shi. Ƙofa a buɗe take ranar Lahadi bayan Azahar, mai son koyo ya zo da tsohuwar riga.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah Ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, Ya haɗa kan wannan ƙungiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a nan Kurmi da can gida. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.